Jan Ƙari a Jikin Jariri: Wanda Ake Bari da Wanda Ba Ya Jira

Gabatarwa

Akan haifi jaririya lafiya lau, ungozoma ta duba ta daga kai har ƙafa ba ta ga komai ba. Ranar suna, bayan wanzami ya gama aski, wataƙila kakarta ta lura da wani ɗan ɗigo ja a fatar idonta ta sama, kowa ya ɗauka cizon sauro ne. Kafin mai jego ta yi arba'in, ɗigon nan ya tasa, ya yi jajur, ya kai girman ƙwayar gyaɗa. Bayan wata guda kuma ya doshi girman goro, har ya fara danne idon. A nan ne shawarwari kan yi yawa a gida. Wata ta ce tawadar Allah ce, a ƙyale ta. Wani ya ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya tsaga ya fitar. Wata kuma ta ce abin ya yi kama da daji, a nemi mai magani tun da wuri.

Kowannensu da kyakkyawar niyya yake magana, amma shawarar da aka bi a waɗannan makonni ita ce za ta yanke ko yarinyar za ta tashi tana gani da idanu biyu ko da ɗaya. Abin da ya fito mata shi ne likitoci ke kira himanjiyoma, wato ƙarin jijiyoyin jini na jarirai. Mafi yawansa yakan baje da kansa ba tare da magani ba. Kaɗan daga ciki kuwa yakan yi ɓarnar da ba ta gyaruwa idan aka yi jinkiri. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ƙarin yake, da yadda aka yi ta fama da shi a tarihin likitanci, da maganin da aka gano a shekarar 2008, da kuma yadda ake bambanta wanda za a zuba wa ido da wanda ba ya jira.

Mene ne Himanjiyoma?

Jini yana zagaya jikin ɗan'adam ta cikin jijiyoyi manya da ƙanana, kuma mafi ƙanƙantarsu sun fi silin gashi siranta. Cikin kowace jijiya a shimfiɗe yake da wasu ƙwayoyin halitta, kamar yadda yaɓe ke rufe cikin ɗaki. A ƙa'ida waɗannan ƙwayoyi ba sa yawaita sai gwargwadon bukatar jiki. A wajen wasu jarirai kuwa, a wani ɗan gurbi na jiki, sai su shiga rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa, su gina curin ƙananan jijiyoyi a cakuɗe, jini ya cika su. Wannan curi shi ne ƙarin da ake gani.

Ƙari ne, amma ba ciwon daji ba ne. Ba ya barin inda yake ya je ya kama wani sashe na jiki, ba ya rikiɗewa ya zama daji, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ya nuna cewa uwa ta yi wani kuskure a lokacin goyon ciki. Turawan da sun daɗe suna ɗora laifin irin wannan tabo a kan kwaɗayin mai ciki, har ma kalmar da Faransawa da mutanen Italiya ke kiran tabon haihuwa da ita ma'anarta kwaɗayi. Kimiyya ba ta sami wata alaƙa tsakanin abin da uwa ta yi marmari da abin da ya fito wa ɗanta ba.

Babu wani ƙari da ya kai shi yawa a tsakanin jarirai. Ana samunsa a wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na jarirai. Ya fi fita ga mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, haka kuma ga bakwaini, da jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi, da tagwaye. An fi ganinsa a 'ya'yan Turawa, amma babu al'ummar da ba ya fita a cikinta. Fiye da rabinsa a kai da wuya yake fitowa. Wanda yake a saman fata yakan yi ja, ya yi tudu, kamar nunannen tumatir. Wanda yake can ƙarƙashin fata kuwa kumburi ne mai laushi da ɗan ɗumi, mai ɗan shuɗi-shuɗi. A jikin jariri mai duhun fata jan ba ya yin haske sosai, yakan karkata zuwa ruwan hanta, don haka akan makara kafin a gane shi.

Game da asalinsa, a shekarar 2000 wata masaniyar cututtuka a Amurka mai suna Paula North ta gano cewa jijiyoyin wannan ƙari suna ɗauke da wani sinadari mai shigar da sukari cikin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira GLUT1. Jijiyoyin fata na yau da kullum ba su da shi, amma na mabiyiya suna da shi. Wannan ya sa wasu masana suka danganta ƙarin da mabiyiya, wasu kuma suka fi ba da ƙarfi ga ƙarancin iskar oksijin a wani gurbi na jikin ɗan tayi, wanda kan tunzura jiki ya tsiro da sababbin jijiyoyi. Har yau wannan sinadari ne ake dubawa a ɗakin gwaje-gwaje idan ana so a tabbatar da irin ƙarin.

Matakai Uku na Rayuwarsa

Abin da ya bambanta himanjiyoma da sauran tabban jiki shi ne yana da lokacin tasowa, da lokacin tsayawa, da lokacin komawa.

Mataki na farko shi ne girma. Ba a cika haihuwar jariri da shi a fili ba. Iyaka a ga ɗan fari-fari ko ɗan ja-ja a wurin, sai cikin makonnin farko ya bayyana. Wani nazari da aka yi a shekarar 2012, ta hanyar bin hotunan da iyaye suka riƙa ɗaukar 'ya'yansu tun daga haihuwa, ya nuna cewa girman ya fi sauri tsakanin mako biyar da rabi zuwa mako bakwai da rabi. Idan aka lissafa, wannan ya faɗo daidai lokacin da mai jego ke cika kwana arba'in. Zuwa wata uku yawanci ƙarin ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na iyakar girmansa, zuwa wata biyar kuma galibi ya gama. Wanda ke ƙarƙashin fata yakan ɗan ƙara jan lokaci.

Mataki na biyu shi ne tsayawa na wasu watanni. Na uku kuma shi ne komawa, wanda kan fara wajen cikar shekara guda. Jan yakan dusashe tun daga tsakiya, ya koma toka-toka, tudun ya yi laushi ya riƙa sacewa a hankali, jijiyoyin su mutu, kitse da tsoka mai zare-zare su maye gurbinsu. A wajen mafi yawan yara wannan aiki yakan kammala zuwa shekara huɗu.

Sai dai kuma komawar ƙari ba ita ce komawar fata yadda take ba. Fiye da rabin waɗanda aka bari ba magani sukan bar wata alama: fata mai tattara, ko ɗan tudun kitse, ko ƙananan jijiyoyi ja, ko tabo. Idan a baya ne ko a cinya, wannan ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa a kan hanci ne ko leɓe, yaro zai shiga makaranta da shi, ya girma da shi.

Ba Kowane Jan Tabo Ba Ne

An daɗe likitoci suna kiran kusan kowane tabo mai jini himanjiyoma, abin da ya jawo ruɗani wajen magani. A shekarar 1982 wasu masu bincike biyu a birnin Boston na Amurka, John Mulliken da Julie Glowacki, suka duba irin waɗannan tabbai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka raba su gida biyu. Gida na farko su ne ƙari na haƙiƙa, waɗanda ƙwayoyinsu ke yawaita. Gida na biyu kuwa jijiyoyi ne da suka sami tangarɗa tun wajen halitta. Waɗannan da su ake haihuwar yaro, suna girma daidai da girmansa, kuma ba sa komawa. Misalinsu shi ne shimfiɗaɗɗen tabon nan ja ko ruwan hanta da kan rufe gefen fuska ba tare da tudu ba. Ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta karɓi wannan rabo a shekarar 1996.

Akwai kuma wani ƙari da akan haifi jariri da shi a cike, ya riga ya gama girma tun a ciki. Shi ma dabam yake, kuma maganin da za a ambata nan gaba ba ya yi masa aiki. Haka nan abin da akan gani a hoton hanta ko ƙashin bayan babban mutum a rubuta masa himanjiyoma, suna ne kawai ya zo ɗaya. Galibinsa ba ya damun mai shi, ba ya kuma bukatar magani. Saboda haka aikin farko na likita shi ne tambaya: da shi aka haife shi, ko daga baya ya fito? Yana girma fiye da yaron, ko tare suke tafiya? Amsar da uwa za ta bayar ta fi kowace na'ura muhimmanci a wannan gaɓa.

Daga Radiyam Zuwa Sitiroyid

Tarihin maganin wannan ƙari darasi ne a kan karin maganar nan da ke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai sun yi ta yanke shi, suna ƙona shi, suna daskarar da shi da ƙanƙara, suna kuma haska shi da sinadarin radiyam. A wata cibiya guda a birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, an yi wa jarirai fiye da 14,000 irin wannan haskawa tsakanin 1920 da 1959. Da aka bi sawunsu bayan sun manyanta, sai aka tarar cewa ciwon dajin maƙoƙo da na nono ya fi yawa a cikinsu gwargwadon yawan hasken da ya taɓa wurin. An yi wa abin da zai baje da kansa maganin da ya fi shi haɗari.

Tun a shekarar 1938 wani likitan Ingila, W. A. Lister, ya wallafa a mujallar Lancet sakamakon bin wasu yara da ya yi na tsawon shekaru ba tare da ya taɓa ƙarinsu ba, inda ya ga kusan duka sun koma da kansu. A hankali wannan ra'ayi ya yi rinjaye, har ya zama abin da ake koya wa ɗaliban likitanci: a ƙyale shi, zai tafi. Wannan koyarwa ta ceci yara da yawa daga wuƙa da wuta. Amma ita ma da ta wuce gona da iri sai ta haifar da tata ɓarnar, domin an riƙa sallamar iyaye da kalmar haƙuri alhali ƙarin yana rufe ido ko yana cin hanci.

Ga masu tsananin, daga shekarar 1967 aka fara amfani da magungunan sitiroyid, irin su firednisolon, kuma su ne madogara har tsawon shekara arba'in. Sukan tsayar da girman ƙarin a wajen wasu yara, amma ba su cika bajar da shi ba, ga kuma illoli: kumburin fuska, da tsayawar girma, da hawan jini, da raunin garkuwar jiki. A shekarar 1992 aka kawo allurar intaferon don waɗanda sitiroyid ya gaza a kansu, sai kuma a 1998 aka ba da rahoton cewa tana sa wa wasu jarirai sandarewar ƙafafu. Akwai ma lokacin da akan koma ga binkiristin, maganin da aka tanada don ciwon daji. Haka al'amarin ya kasance har zuwa shekarar 2008.

Abin da Ya Faru a Bordo

A asibitin yara na birnin Bordo da ke ƙasar Faransa, wata likitar fata mai suna Christine Léauté-Labrèze da abokan aikinta suna kula da wani jariri mai ƙari a hanci. An ɗora shi a kan sitiroyid, ƙarin ya tsaya amma bai ragu ba, sai kuma tsokar zuciyar jaririn ta yi kauri har tana tare hanyar jini. Domin a ceci zuciyar sai aka ba shi furofaranolol, wani tsohon maganin zuciya da hawan jini. Washegari aka ga ƙarin ya sauya launi daga ja jajur zuwa shuɗi-shuɗi, ya kuma yi laushi. Aka janye sitiroyid a hankali, ƙarin bai dawo ba. Lokacin da yaron ya kai wata 14 wurin ya baje sarai.

Mai lura ba ya raina abin da ya gani sau ɗaya. Da aka kawo wani jariri na biyu, mai ƙarin da ya mamaye hannunsa na dama da sashen fuskarsa, ya rufe masa ido, yana kuma ture maƙogwaronsa, sai aka ba shi maganin. Bayan kwana bakwai ya buɗe idon da kansa. Suka gwada a kan wasu yara tara, duka aka ga sauyi. A watan Yuni na 2008 suka aika da 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa mujallar New England Journal of Medicine a kan waɗannan yara 11, kuma cikin 'yan shekaru asibitocin duniya suka sauya hanya.

Shi dai furofaranolol ba sabon abu ba ne. James Black, masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sikotland, shi ne ya samar da shi a farkon shekarun 1960, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1988. An shafe fiye da shekara arba'in ana shan sa ba a san yana da wannan amfani ba.

Amma yara 11 ba su isa hujja a kimiyya ba, musamman ga ciwon da kan warke da kansa. Don haka aka shirya babban gwaji a ƙasashe da dama, da jarirai 460 masu wata ɗaya zuwa biyar, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su maganin, wasu kuma ruwa mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa cikin waɗanda suka sha miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum har wata shida, kashi 60 cikin 100 ƙarinsu ya baje gaba ɗaya ko ya kusa. Cikin waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 4 ne kacal. Hukumomin kula da magunguna na Amurka da Tarayyar Turai sun amince da na ruwa da aka haɗa musamman don jarirai tun a 2014.

Yadda Maganin Ke Aiki

Idan mutum ya tsorata ko ya yi gudu, jikinsa yakan saki sinadarin adirinalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara bugu, wasu jijiyoyin jini su buɗe, hanyoyin numfashi su faɗaɗa, hanta kuma ta sako sukari cikin jini. Adirinalin yana yin haka ne ta hanyar shiga wasu gurabe a jikin ƙwayoyin halitta, kamar mabuɗi a kwaɗo. Furofaranolol yakan toshe waɗannan gurabe.

A cikin ƙarin, masana sun bayyana aikinsa hawa uku. Da farko jijiyoyin sukan tsuke, jinin da ke shiga ya ragu, shi ya sa launi ke sauyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai saƙonnin da ke umartar jiki ya gina sababbin jijiyoyi su yi rauni, girma ya tsaya. A ƙarshe kuma ƙwayoyin da suka yi yawa su fara mutuwa, ƙarin ya sace. Wato maganin yana gaggauto da komawar da ƙarin zai yi bayan shekaru, kafin ya miƙar da fata ko ya lalata abin da ke kusa da shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa lokaci ke da muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗanda Ba Sa Jira

Ƙaramin ƙari a baya, ko ciki, ko hannu, wanda bai fashe ba, ba ya bukatar komai sai sa ido. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce masu haɗarin ya kamata ƙwararre ya gan su tun jariri yana da kimanin wata ɗaya. Ga su kamar haka.

Na ɗaya, wanda ke kusa da ido. Ƙwaƙwalwar jariri tana koyon gani ne a watannin farko. Idan ido ɗaya ya kasance a rufe, ko ƙari ya danne ƙwayar idon ya sauya siffarta, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da shi, ya raunana har abada ko da ƙarin ya tafi daga baya.

Na biyu, wanda ke haɓa, da leɓen ƙasa, da gaban wuya, wato wurin da gemu ke fita. Sau da yawa irin wannan yana da ɗan'uwa a cikin maƙogwaro. Idan jariri mai wata ɗaya zuwa uku ya fara numfashi da ƙara, ko kukansa ya dusashe, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Na uku, wanda ke kan hanci, ko leɓe, ko kunne, domin yakan ci guringuntsi ko ya sauya siffar fuska, na leɓe kuma yakan hana shan nono.

Na huɗu, wanda ya fashe ya zama gyambo. Wannan ita ce matsalar da aka fi samu, musamman a leɓe, da lanƙwasar wuya, da wurin ƙunzugu. Yana da zafi ƙwarai, ƙwayoyin cuta kan shiga, kuma ba ya warkewa sai da tabo. Idan tsakiyar ƙarin ta yi fari tun jariri bai kai wata uku ba, alama ce ta yana shirin fashewa.

Na biyar, idan ƙarin ya kai biyar ko fiye a jiki, ko da ƙanana ne, akan ɗauki hoton hanta, domin yakan fito a can ma. Mai yawa a hanta yana iya gajiyar da zuciya, ya kuma lalata sinadarin da halittar maƙoƙo ke samarwa, wanda ƙwaƙwalwar jariri ke bukata don ta bunƙasa.

Na shida, mai faɗi da ya rufe sashen fuska, wanda ya wuce santimita 5. Likita Ilona Frieden da abokan aikinta sun bayyana a 1996 cewa irin wannan kan zo tare da tangarɗa a ƙwaƙwalwa, ko zuciya, ko manyan jijiyoyi, ko ido. Haka nan mai faɗi a tsakiyar gadon baya ta ƙasa yakan zo da matsalar laka ko mafitsara. Irin waɗannan yara sai an bincike su kafin a fara ba su magani.

Magani Ne, Amma Ba na Kemis Ba

Furofaranolol yana da araha, kuma ana samun ƙwayarsa a shagunan magani na garuruwa da dama. A nan haɗarin yake. Adadin da ake ba jariri shi ne miligiram 2 zuwa 3 a kan kowane kilo a yini. Jariri mai kilo 4 ke nan zai sha miligiram 8 zuwa 12, a raba masa sau biyu ko uku. Ƙwayar da manya ke sha kuwa galibi miligiram 40 ce, wato ƙwaya ɗaya ta ninka abin da jaririn zai sha a yini guda fiye da sau uku. Gutsura ta da ka, ko jiƙa ta a cokali, wasa ne da rai.

Likita yakan fara sauraren zuciya da ƙirji, ya tambayi tarihin ciwon zuciya da fuka, sannan ya soma da ɗan kaɗan, ya riƙa ƙarawa mako-mako, yana auna bugun zuciya bayan shan farko. Da yake jariri yana ƙara nauyi, akan sake lissafi a kai a kai. Akan ci gaba aƙalla wata shida, sau da yawa har yaro ya cika shekara, kuma a wajen kashi 10 zuwa 25 cikin 100 ƙarin yakan ɗan taso bayan an daina, a sake komawa kan maganin.

Illolin da aka fi gani masu sauƙi ne: rashin barci mai daɗi, da sanyin hannu da ƙafa, da gudawa. Masu tsananin su ne raguwar bugun zuciya, da toshewar numfashi, da faɗuwar sukarin jini. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro, domin maganin yana hana hanta sako sukari a lokacin yunwa. Saboda haka ba a ba da shi sai tare da shan nono ko bayansa. Ranar da jariri ke amai, ko ya ƙi nono, ko ƙirjinsa ke shasshaka, to a dakatar a tuntuɓi likita. A ƙasashen da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suka yawaita wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi, domin shi kansa zazzaɓin yana saukar da sukarin jini. Jaririn da ke kan maganin idan ya jiƙe da gumi, ko ya yi laushi, ko ya ƙi farkawa, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti nan take.

Sauran Hanyoyi

Ga ƙaramin ƙari marar kauri da ke saman fata, tun daga 2010 ake amfani da timolol, ɗan'uwan furofaranolol da ake ɗigawa a ido don hawan jinin ido. Akan shafa ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙarin, shi ma bisa umarnin likita, domin yana ratsa fata ya shiga jini. Akwai kuma hasken leza, wanda jan jini ke zuƙa ya ƙona jijiyar. Ba ya shiga fata fiye da milimita ɗaya zuwa biyu, don haka ya fi amfani wajen share ragowar ja bayan ƙari ya baje. A jikin mai duhun fata kuwa, sinadarin launin fata ma yana zuƙar hasken, abin da kan jawo ƙuna ko sauyin launi idan ba a hannun gwani ba. Tiyata tana nan, amma yanzu an fi yin ta don gyara ragowar fata ko kitse, galibi daga shekara uku zuwa biyar, kafin yaro ya fara damuwa da kamanninsa. Sitiroyid ma bai fita ba, akan koma gare shi idan furofaranolol bai dace da yaro ba.

Abin da babu shi a cikin jerin magunguna shi ne tsaga, da sakiya, da ƙaho, da ɗaure ƙarin da zare, da shafa masa abu mai ci. Ƙarin ba jakar mataccen jini ba ce da za a huda ta zube. Curin jijiyoyi ne masu rai, jini yana gudana a cikinsu. Jinin jikin jariri mai kilo 4 gaba ɗaya bai wuce cikin kwalbar lemo ɗaya ba, wato wajen mililita 320 zuwa 350, don haka abin da babba zai ɗauka ɗan jini ne yana iya halaka shi. Idan ƙarin ya yi jini da kansa, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle na minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a tafi asibiti.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa likitanci ya yi kuskure iri biyu a kan wannan ƙari. Ya taɓa yi wa kowa magani, ya cutar da waɗanda ba su bukata. Ya kuma taɓa cewa kowa ya jira, ya bar waɗanda jira ya naƙasa. Abin da aka tsaya a kansa yanzu shi ne a dubi inda ƙarin yake da kuma shekarun mai shi.

Aikin iyaye a nan ba shi da wuya. Duk jan ɗigon da ya fito wa jariri a makonnin farko, a ɗauke shi hoto da waya kowane mako, a ajiye tsabar kuɗi ko ma'auni a gefensa don a ga ko yana ƙaruwa. A nuna wa ma'aikacin lafiya a ranar allurar rigakafi ta mako shida, wadda ta zo daidai lokacin da ƙarin ya fi saurin girma. Idan kuwa a fuska yake, ko wuya, ko wurin ƙunzugu, ko ya fashe, ko ya yi yawa, to ba sai an jira wannan rana ba, ba kuma sai an gama wankan jego ba. A nemi takardar turawa zuwa ga likitan yara ko na fata a babban asibiti. Jaririyar da aka fara da labarinta, mai ɗigo a fatar ido, tana cikin waɗannan. Idan aka kai ta tana da mako huɗu ko biyar, akwai kyakkyawan zaton ruwan magani na 'yan watanni zai wadatar, idonta ya tsira. Idan aka bari sai ta yi wata takwas, ƙarin zai baje wata rana kamar yadda kakarta ta faɗa, amma ganin da idon ya rasa yana da wuyar dawowa.